Dana mai lamba, kilash marar lamba: wa ke riƙe da daftarin makaman yaƙin Sudan?

A watan Nuwamban 2024 mayaƙan rundunar haɗin gwiwa ta ƙungiyoyin Darfur, waɗanda ke yaƙi tare da jaish, sun tare wani ayarin motoci cikin sahara a Darfur ta Arewa, ba nisa da iyakar Libiya. A cikin kayan da suka kama akwai akwatunan katako cike da harsasan hawun masu faɗin milimita 81, irin waɗanda mu a nan muke ce wa dana, akwai kuma fasfo da takardun sojojin haya 'yan Kolombiya. Kamar yadda aka saba a wannan yaƙi, samarin suka zaro wayoyi suka ɗauki bidiyon ganimar don a gani a Facebook. Ba su yi niyyar kafa hujja ba, amma kamara ta kama rubutun da ke jikin akwatunan, har da lambobi.

Wata biyar bayan nan, a Afrilun 2025, 'yan jaridar France 24 suka fito da inda lambobin suka kai su. Masana'antar Dunarit ta Bulgeriya ce ta ƙera danar. Wani kamfanin Abu Dabi mai suna International Golden Group ne ya saya, takardar cinikin kuma ta ce rundunar sojin Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wato Imarat, ita ce za ta yi amfani da kayan. Gwamnatin Bulgeriya ta shaida wa masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya cewa lalle kaya masu wannan lamba daga wurinta suka fita zuwa Imarat a 2019, kuma ba ta ba da izinin a wuce da su Sudan ba. Imarat dai har gobe tana musanta cewa tana ba Da'amu Sari makamai. To amma akwati ba ƙafa gare shi ba. Tsakanin rumbun ajiya a Khalij da bayan wata mota a saharar Darfur akwai dubban kilomitoci, akwai wanda ya loda, akwai wanda ya sa hannu, kuma har yau ba a buɗe wa kowa wannan shafin na daftari ba.

Na san wani zai ce me ya haɗa mutumin Kamlin ko na Mai Wurno da takardun Bulgeriya. Abin da ya haɗa mu a fili yake. Ranar 18 ga Disambar 2023 Da'amu Sari suka shiga Madani, kuma sama da shekara guda Jazira tana ƙarƙashin bakin bindigarsu. Ranar 5 ga Yunin 2024 aka kashe mutum sama da 100 a Wad al-Nura. Ranar 25 ga Oktoban wannan shekara aka auka wa ƙauyen Sariha, a nan cikin mahaliyyar Kamlin, inda aka ƙirga gawa 124. A kudu kuwa Sinja ta faɗi a ƙarshen Yuni, mutanen Sinnar da Dindir da ƙauyukan bakin kogi suka watsu zuwa Gadarif da Damazin da ƙafa. Kowane harsashi da aka harba a waɗannan ranaku wani ne ya ƙera shi, wani ya sayar, wani ya ɗauko ya kawo. Shaidun mutane suna mutuwa, suna jin tsoro, wasu ma ba a san inda gudun hijira ya jefa su ba. Lambar da aka buga a jikin ƙarfe kuwa tana nan, kuma idan Allah ya kawo ranar da za a tsaya gaban alƙali, da ita za a fara.

Bari in ɗan tsaya kan yadda aka ce tsarin yana aiki, don a ga inda yake yoyo. Idan ƙasa za ta sayar wa wata ƙasa makami, mai saye yana sa hannu a wata takarda da ake kira shaidar mai amfani na ƙarshe. A ciki yana alkawarin cewa sojojinsa ne za su riƙe kayan, kuma ba zai miƙa wa wani ba sai da yardar mai sayarwa. Bindiga tana da lambarta ita kaɗai. Harsashi da dana kuwa lambar rukuni ake ba su, wato duk waɗanda aka ƙera a zubi ɗaya lamba ɗaya suke ɗauke da ita, tare da alamar masana'anta da shekara. Yarjejeniyar cinikin makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka amince da ita a Afrilun 2013 ta fara aiki a Disambar 2014, ta wajabta wa ƙasashen da ke cikinta su auna haɗarin karkatar da kaya kafin su ba da lasisi, kuma su ƙi sayarwa idan sun san za a yi laifin yaƙi da shi. Bulgeriya tana ciki, haka Faransa da Birtaniya da Sabiya, Sin ma ta shiga a 2020. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta tabbatar da ita. Imarat ta sa hannu amma ba ta tabbatar ba. Sudan ba ta ciki sam.

Duk ginin nan a kan alkawari ɗaya ya tsaya, alkawarin mai saye. Ƙasashe kaɗan ne suke tura mutum bayan shekara biyu ko uku ya shiga rumbu ya ƙirga da idonsa. Mafi yawa da zarar jirgin ruwa ya bar tasha, an sa takardar a fayil, an gama.

Danar Bulgeriya kuwa ba ita kaɗai ba ce. A Yulin 2024 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto kan sababbin makaman da aka gani a hannun ɓangarorin biyu, daga Sin, Rasha, Sabiya, Turkiyya, Imarat da Yaman, har da bindigogin da aka shigo da su da sunan farauta. A Nuwamba ta nuna motoci masu sulke samfurin Nimr, ƙirar Imarat, a Darfur, ɗauke da na'urar kariya ta Galix wadda kamfanonin Faransa suka ƙera. A Mayun 2025 ta sake nuna manyan igwogi ƙirar Sin samfurin AH-4 da Da'amu Sari suka bari a Hartum sa'ad da jaish ya kore su a ƙarshen Maris. Abin da ya ba wannan nauyi shi ne, a lissafin cibiyar SIPRI ta Suwidin, mai bin diddigin cinikin makamai na duniya, Imarat ce kaɗai ƙasar da aka san ta sayi irin wannan igwa daga Sin. Abu Dabi ta amsa da cewa igwar ta daɗe a kasuwar duniya. A Oktoban 2025 jaridar Guardian ta ba da labarin kayan Birtaniya, injinan motoci masu sulke da na'urorin koyon saiti, da aka tsinta a filayen daga. Hanyar shigowa ma an yi maganarta tun da wuri: kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na Janairun 2024, ya ce zargin ana sauke makamai a filin jirgin Amdjaras na gabashin Cadi abin gaskatawa ne, kamfanin labarai na Reuters kuma ya ƙirga aƙalla jirage 86 daga Imarat zuwa wannan ɗan ƙaramin fili. Imarat ta ce asibiti ta gina a can, kayan agaji take kaiwa. Adalci ne in faɗa cewa rahoton kwamitin na Afrilun 2025 bai iya tabbatar da abin da ke cikin jiragen ba, kuma da wannan Abu Dabi take kare kanta. Ni dai a ganina rashin buɗe akwati ba ya wanke mai akwati, tun da makullin a hannunsa yake. Da tana son a rufe maganar danar Bulgeriya, ai abu ne mai sauƙi: ta kira masu bincike su ƙirga abin da ya rage a rumbunta na wannan rukuni, ta nuna inda sauran suka tafi.

To don me duk wannan tarin hujja bai hana ko jirgi ɗaya tashi ba? Dalili na farko yana cikin rubutun takunkumin kansa, kuma ya shafe mu kai tsaye. Takunkumin makamai da Kwamitin Sulhu ya ƙaƙaba da ƙuduri mai lamba 1556 a 2004, ya faɗaɗa da mai lamba 1591 a Maris 2005, Darfur kaɗai ya shafa. An rubuta shi don yaƙin shekara 20 da suka wuce. Makamin da aka sauke a Bur Sudan aka harba a Hasahisa bai karya shi ba. Kwamitin binciken gaskiya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nemi a Satumbar 2024 a shimfiɗa takunkumin a kan Sudan baki ɗaya, ba a yi ba. Kuma ko a Darfur ɗin, cikin shekara 20 babu ƙasa ko ɗaya da aka hukunta don ta karya shi. Mutum huɗu aka sa a jerin masu laifi a 2006, cikinsu har da Musa Hilal, daga nan ba a ƙara kowa ba sai Nuwamban 2024 da aka sa kwamandojin Da'amu Sari biyu. Tarayyar Turai tana da nata takunkumin tun 1994, wanda ya haɗe ƙasar duka, amma shi yana hana kamfanin Turai sayar wa Sudan ne kai tsaye. Idan kayan sun bi ta hannun abokin ciniki mai kuɗi, sai kowa ya ɗaga takardarsa ya ce tawa a tsabtace take. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A nan mai sayarwar ne ya san da rariya yake zubawa.

Gwamnatin Burhan ta gwada ƙofar kotu. A Maris 2025 ta kai ƙarar Imarat Kotun Duniya a Heg bisa yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi, kan abin da aka yi wa Masalit a Janaina. Ranar 5 ga Mayu kotun ta kori ƙarar, don Imarat tun lokacin da ta shiga yarjejeniyar ta keɓe kanta daga sashen da ke ba kotun hurumi. Ba a ko buɗe fayil ɗin hujjoji ba. Washegari Sudan ta yanke hulɗa da Abu Dabi, jirage marasa matuƙa na faɗa wa Bur Sudan.

Amurka ce ake yi wa kallon mai tsari mafi tsauri a wannan fanni, shi ya sa ya kamata a dubi nata daftarin da kyau. Dokarta ta 1976 ta hana mai saye miƙa makamin Amurka ga wani ba da izini ba. Tana da shirye-shirye biyu na bin kaya bayan sayarwa, Blue Lantern a ma'aikatar harkokin waje da Golden Sentry a ma'aikatar tsaro. Duk da haka, a 2007 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokinta ya ce an kasa gano inda bindigogi kimanin 190,000 da aka ba jami'an tsaron Iraƙi suka shiga, kilash 110,000 da ƙananan bindigogi 80,000. Ƙungiyar Conflict Armament Research, masu zuwa filin daga suna kwafar lambobi, sun gano wani makamin fasa tanka ƙirar Bulgeriya da aka sayar wa sojin Amurka a Disambar 2015, ya ɓulla a hannun Da'ish a Ramadi kafin a cika wata biyu. A 2019 tashar CNN ta nuna motoci masu sulke na Amurka da aka sayar wa Saudiyya da Imarat suna yawo a hannun 'yan bindiga a Yaman. A 2021 an bar kayan soja na kusan dala biliyan 7 a Afganistan. Ko a Yukren, inda aka fi sa ido, babban mai binciken ma'aikatar tsaro ya ce a Janairun 2024 kayan sama da dala biliyan 1, cikin na biliyan 1.69 da doka ta ce a riƙa ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya, ba a ƙirga su a kan lokaci ba. Bai ce an sace su ba, ya ce ba a ƙirga ba ne, kuma a wannan sana'a tazarar da ke tsakanin biyun ba ta da yawa.

Saboda haka ban yi mamakin yadda maganar Sudan ta kaya a Washinton ba. A Disambar 2024 fadar shugaban ƙasa ta rubuta wa Sanata Chris Van Hollen cewa Imarat ta ba da tabbacin ba ta ba Da'amu Sari makamai yanzu, kuma ba za ta ba su ba nan gaba. Kalmar "yanzu" ɗin nan ta isa mai hankali. Ranar 7 ga Janairun 2025 Amurka ta ayyana cewa Da'amu Sari sun yi kisan ƙare dangi, ta sa wa Hamidti da kamfanoni 7 da ke Imarat takunkumi. Kafin watan ya ƙare Van Hollen da 'yar majalisa Sara Jacobs suka ce bayanan da aka ba su sun nuna makaman ba su daina tafiya ba. A watan Mayu sai ga sabon cinikin jirage masu saukar ungulu da kayan gyaran jiragen yaƙi na kusan dala biliyan 1.4 ga Abu Dabi, kuma yunƙurin hana shi ya faɗi a majalisar dattawa. Fashir ta faɗi ranar 26 ga Oktoba, mako shida bayan Amurka da Saudiyya da Masar da ita kanta Imarat sun fitar da sanarwa tare cewa ya kamata a daina taimaka wa masu faɗan da makamai daga waje.

Yanzu in zo ga ɓangaren da wasu 'yan'uwa ba za su so ji ba. Jaish ma daga waje yake samun nasa: an ga jirage marasa matuƙa na Iran samfurin Mohajer-6, an kuma ba da labarin Bayraktar na Turkiyya, su ma sun faɗa kan kasuwanni da unguwanni. Gwamnati tana da hujjar cewa ita ƙasa ce, tana da haƙƙin sayen makami. Haka ne. Sai dai ƙasar Sudan ta daɗe tana yi wa maƙwabta abin da take kuka da shi yau. Hukumar masana'antun soja da aka kafa a 1993, mai Yarmuk a kudancin Hartum, tana da hannu har a birnin masana'antu na Jiyad, a nan ƙofar gidanmu a arewacin Jazira. Masu bin lambobi sun tsinci harsasan Sudan a hannun 'yan Seleka a Afirka ta Tsakiya, sun tsince su a cikin kayan da aka jefo wa 'yan tawayen Sudan ta Kudu daga sama a 2014. Cibiyar Small Arms Survey ta Janeba ta nuna bindigogin da aka kankare lambobinsu da gangan kafin a miƙa wa 'yan tawayen kudu. A Oktoban 2011, a Kasala, Bashir da bakinsa ya yi alfahari da cewa makaman Sudan sun isa hannun 'yan tawayen Libiya. Abin da ya biyo bayan fashewar rumbunan Libiya kuwa, danginmu na Agadas da Maradi da Zamfara sun fi mu sani.

Mafi girman kayan da gwamnatin Sudan ta taɓa miƙa wa "abokin tarayya" ba tare da daftari ba kuwa, ba a ƙetare iyaka da su ba. A 2013 aka tattara Janjawid aka ba su suna Da'amu Sari, aka ɗora su ƙarƙashin hukumar tsaro ta farin kaya. A 2017 majalisa ta yi musu doka. Aka ba su tatshar da doshka da sansanoni a tsakiyar Hartum, aka tura su Yaman suka dawo da kuɗi da abokai a Khalij. Abin dariya, in da abin dariya ne, a 2017 ɗin su aka ba aikin karɓe makamai daga hannun jama'a a Darfur. Kenan wanda aka sa ya tattara bindigogin ƙasa shi ne ya juya su kanta ranar 15 ga Afrilun 2023. Ba mu buƙatar misalin Iraƙi don mu san abin da ke faruwa idan aka ba wani makami da amana kawai.

Kuma ana maimaita shi a gabanmu. Tun Yunin 2023 Burhan ya kira matasa su shiga sansanoni, bayan faɗuwar Madani kuma aka buɗe ƙofar muƙawama ta jama'a, aka raba bindigogi ga mustanfarin a Nahar al-Nil, Kasala, Gadarif, Sinnar da Farin Nilu. Mataimakinsa Shamsuddin Kabbashi da kansa ya yi gargaɗi a Gadarif a Maris 2024 cewa makami a wajen ikon jaish shi ne haɗarin gobe. Dubi labarin Abu Aƙla Kaikal. Ya kafa Dir'u Sudan a 2022, ya koma Da'amu Sari a 2023, da shi aka ci Madani, ranar 20 ga Oktoban 2024 ya dawo ɓangaren jaish da mutanensa da motocinsa. Fansar wannan sauyin sheƙa ce aka ɗauka a kan Tambul da Rufa'a da Hilaliya da Sariha. Wata uku bai cika ba, ranar 10 ga Janairun 2025, aka kai hari Kambo Tayba a gabashin Jazira, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mayaƙansa sun kashe aƙalla mutum 26 daga cikin ma'aikatan gona mazauna kambon. Tambayata ita ce, bindigogin da aka shiga da su Kambo Tayba, a daftarin wa suke? Na jaish, na Da'amu Sari, ko na wanda ya sayar wa ɗayansu? A Agustan 2025 Burhan ya ba da umarnin cewa duk rundunonin da ke taimaka wa jaish su koma ƙarƙashin dokar soja ta 2007. Mataki ne mai kyau a takarda. Amma sa mutum ƙarƙashin doka daban, sanin lambar bindigar da ke ƙarƙashin angarib ɗinsa daban.

A nan ne abin ya zama namu fiye da na kowa. Tun kafin wannan yaƙi, a ƙiyasin Small Arms Survey na 2017, akwai bindigogi kimanin miliyan 2.7 a hannun fararen hula a Sudan, waɗanda ke da rajista ba su kai 7,000 ba. Mun ɗanɗana ma'anar wannan a Yulin 2022, lokacin da rigimar ƙasa da ta sarautar gargajiya a jihar Nilu Shuɗi ta ci rai sama da 100 a Gaisan da Rusairis da kewaye, sannan a Oktoba aka kashe kimanin 200 cikin kwana biyu a Wad al-Mahi, dubun dubata suka bar gidajensu. An yi asara a kowane ɓangare. Lokacin babu jirgi daga Abu Dabi, babu dana daga Bulgeriya. Ragowar yaƙe-yaƙen da suka gabata ne, da ba a taɓa ƙirgawa ba balle a karɓe. Yau abin da ke yawo a ƙasa ya ninka na 2022, kuma wannan yaƙi zai ƙare wata rana, rigimar gona da mashaya da iyakar hilla kuwa tana nan tana jira.

Ina jin maganar da ake yi a majalisun hira, kuma ba na raina ta: an same mu hannu banza a 2022, an same mu hannu banza a 2024, don haka tun da ana rabo mu ma mu karɓi namu mu ɓoye. Wanda ya binne ɗansa a Rusairis ko ya taka da ƙafa daga Sinja zuwa Gadarif, ba ni da bakin ce masa ya yi kuskuren jin haka. Matasanmu da suka shiga sansanoni suka tsaya wa garuruwansu kuma ba su yi abin kunya ba. Amma a yi lissafi da sanyin kai. A gasar tara bindiga ba tare da rajista ba, wanda ya fi yawan jama'a, ya fi kuɗi, ya fi 'yan'uwa a cikin hafsoshi, shi ne zai fi tarawa. Mu ba mu ne wannan ba. Kuma ranar da hukuma ta tashi karɓar makamai da ƙarfi, tarihi ya nuna daga kambo da hillar marasa galihu ake farawa, kilash ɗaya da aka samu a ɗakin wani yaro ya isa a kira ƙauye duka 'yan ta'adda ko masu haɗa baki. Tsiraru sun fi kowa cin ribar daftari, domin daftari ne kaɗai yake ɗaure hannun babba da ƙarami da igiya ɗaya.

Kuma kada wani ya ce mana ƙasar nan ba ta iya ƙirga ba. Tun 1925 da aka buɗe madatsar Sinnar, aikin noman Jazira yake rubuta kowace hawasha da sunan mai ita, kowane ƙanɗari na auduga, kowane buhun taki, daga ofishin mufattish har hedikwata a Barakat. Iyayenmu da suka tsinci audugar nan sun san ba a yafe musu ko ratali ɗaya a kan ma'auni. Bahaushen da ya je neman rakam watani ya san yadda ake tambayarsa kakan kakansa da shaidu. Ƙasar da take iya wannan tana iya rubuta cewa bindiga mai lamba kaza an ba wane ɗan wane, a sansani kaza, ranar kaza.

Abin da nake ganin ya kamata umdoji da shehunan hilloli da kwamitocin masallatai su nema a rubuce daga hukumomin mahaliyya shi ne a yi wannan rajista a gabansu, a bar musu kwafi, kuma a yi wa kowace ƙabila da kowace runduna lokaci ɗaya. Wannan kariya ce ga shi kansa yaron da ke riƙe da bindigar, don ranar da aka zarge shi yana da takardar da ke cewa hukuma ce ta ba shi. Na biyu kuma ya shafi waɗanda suka koma gida bayan jaish ya karɓe Madani ranar 11 ga Janairun 2025, sannan Hasahisa da Kamlin a makonnin da suka biyo. A makarantu da gidajen da aka mayar sansani, a bakin tur'a, a cikin hawashoshi, an bar akwatuna da ɓawon harsasai da danar da ba ta fashe ba. Wadda ba ta fashe ba, kada a taɓa, kada a bar yara kusa, kada a kai wa mai sayen ƙarfe, a sanar da jami'an cibiyar kwance nakiyoyi ta ƙasa. Akwatin da babu komai ciki kuwa, kafin a fasa a yi girki da shi, a ɗauki hoton rubutun da ke jikinsa yadda za a iya karantawa, a rubuta wuri da rana, a ajiye. Da irin wannan hoto, wanda wani saurayi ya ɗauka don nuna ganima, aka kai har ƙofar masana'anta a Bulgeriya.

A Satumbar 2025 Kwamitin Sulhu ya sake sabunta takunkumin makaman Sudan na shekara guda, da iyakarsa ta 2005. Jazira da Sinnar da Nilu Shuɗi da Kurdufan, inda faɗan ya koma yanzu, duk suna wajensa.